Su wa suka riƙe allurar?

Wani marubuci ya ce a labarinsa matan Amurka na da suna ɗinki ne don nuna tarbiyya. To, wannan na 'ya'yan masu hali ne, masu surfani da zaren siliki. Kafin Elias Howe ya yi wa keken ɗinkinsa rajista a 1846, da hannu ake ɗinka kusan kowace riga, kuma a manyan gidajen jihar Bajiniya bayi mata ne ke kaɗi da ɗinkin. Ona Judge, kuyangar Martha Washington, matar shugaban Amurka na farko, gwanar allura ce, ta gudu daga birnin Filadelfiya a 1796. Kai kuma mai kawo zancen wai Betsy Ross ce ta ɗinka tutar Amurka ta farko, jikanta ne ya baza labarin a 1870, ita tana kabari tun 1836. Don me marubucin bai ambaci Ona ba?