Dodon koɗi a kafar allura

Kai jama'a, ikon Allah! Na karanta labarin nan sau biyu wallahi, wai dodon koɗin da aka gano a duwatsun farar ƙasa na Guangxi a Chana a 2015 bai kai milimita ɗaya ba, goma za su shige kafar allura lokaci guda. Mu nan Daura muna yara bayan ruwan sama muke tsinto katantanwa mu goge bakinta a dutse mu murza tana juyi a ƙasa, to wannan ta ina ma za ka kama shi balle ka murza?

Abin da ya fi burge ni shi ne bawon, irin waɗannan ƙananan wasunsu har wasu 'yan haƙora gare su a bakin ƙofa, kuma daga sinadarin dutsen suke gina bawon shi ya sa suke manne da shi. To dutsen nan dai shi ake fasawa a yi siminti, a Malesiya akwai tsaunin da aka cinye kaf, nau'in dodon koɗin da a kansa kaɗai ake samunsa ya tafi ke nan. Ko masananmu sun taɓa duba wajen Kalambaina a Sakkwato, inda ake fasa irin wannan dutsen a yi siminti, kuwa?