Gidajen tarihin "duniya": an sauya allon ƙofa, rajistar fa?

A 'yan shekarun nan manyan gidajen adana kayan tarihi na Turai sun shiga yayin sauya suna. Na birnin Vienna ya koma Weltmuseum, wato gidan tarihin duniya, a 2013. Na Munich ya zama na "nahiyoyi biyar" a 2014. Tropenmuseum na Amsterdam, wanda sunansa ke nufin gidan tarihin ƙasashe masu zafi, ya koma Wereldmuseum a 2023. Dalilin a fili yake: tsofaffin sunayen na ɗauke da tabon mulkin mallaka, lokacin da ake baje al'adun wasu don 'yan kallo. Gyaran ya dace, amma a ganina bai kai inda ciwon yake ba.

Kalmar "duniya" tana da nauyi. A 2002 shugabannin manyan gidajen tarihi 18, ciki har da Louvre na Faris, sun sa hannu kan sanarwar cewa kayan da ke hannunsu na ɗan Adam ne baki ɗaya. Da wannan hujja aka daɗe ana toshe bakin masu neman a mayar musu da kayan kakanninsu. British Museum na London, da aka kafa a 1753, na riƙe da kayan tsohuwar masarautar Benin, da ke Najeriya ta yau, fiye da 900, akasarinsu daga farmakin sojojin Birtaniya na 1897, kuma wata dokar Birtaniya ta 1963 ta ɗaure masa hannu wajen fitar da su. Wane irin "na kowa" ne wannan, alhali jikokin maƙeran sai da biza za su gan su?

Suna kuma haja ce: Abu Dhabi ta amince ta biya Yuro miliyan 400 don ta yi amfani da sunan Louvre na shekara 30.

Wanda ke son gane ko gida ya cancanci sunan "duniya", ya bar allon ƙofa ya duba ɗan katin da ke gefen kaya. Kowane abu yana da lambar shigowa. Da ita ake buɗe rajista a ga shekarar da ya zo, da wanda ya kawo shi, saye ne ko kyauta. Daga nan a gwada sunan mutumin da jerin hafsoshi da jami'an mulkin mallaka, da takardun gwanjo. A nan ake yin tuntuɓe: rajista kan rubuta "Afirka ta Yamma" kawai, ko sunan dillalin ƙarshe ya binne na sojan da ya kwaso, ko katin ya ɓace a lokacin yaƙi. Mai bincike kan shafe watanni a kan abu guda, ga shi mafi yawan kayan suna ɗakunan ajiya, ba a taɓa baje su ba.

Jamus ta nuna ana iyawa. A Yulin 2022 ta sa hannu kan miƙa wa Najeriya mallakar kayan Benin fiye da 1,100, aka kuma yarda wasu su ci gaba da zama a can a matsayin aro daga masu su.