Hotonsa da sunansa na jikin katangata, amma wai ba a san wanda za a kama ba

Wata huɗu ke nan da gama zaɓe, har yau fuskokin mutum biyar ne ke tarbar duk wanda ya zo ƙofar gidana. Babu wanda ya nemi izinina. Cikin dare aka zo da bokitin gam da buroshi, aka bi katangar da ban daɗe da yi wa fenti ba aka liƙe ta da fastoci tun daga sama har ƙasa. Da safe na ɓamɓare, bayan kwana biyu aka dawo. Yaran wannan ɗan takara su liƙa, na wancan su zo su ɗora nasu a kai, har takarda ta yi kauri kamar kwali. Yanzu in ka ja ta da fentin take tahowa, wani wurin har da filasta. Lambar gidan ma sun rufe ta.

Na katanga asara ce ta kuɗi, zan iya haɗiye ta. Abin da ke hana ni barci shi ne na bakin mahaɗar titinmu. An ɗaure wani ƙaton kyallen leda tsakanin turken lantarki da bishiya, daidai kwanar da direba ke leƙa hagu kafin ya fito. Ba ka ganin abin da ke tahowa sai ka tura hancin mota tsakiyar titi. A idona mai babur ya taka burki da ƙarfi har ya zube, saboda wata yarinya 'yar makaranta da ta ɓullo daga bayan kyallen. Allah ne ya kiyaye. Da aka yi ruwa da iska igiya ɗaya ta tsinke, rabin kyallen ya faɗa magudanar ruwa ya toshe ta, sauran rabin yana nan yana reto a kan mutane.

Na ɗauki hotuna na tafi sakatariyar ƙaramar hukuma. Ofishi uku aka tura ni kafin na sami wanda ya yarda aikinsa ne. Ya duba wayata, ya girgiza kai, ya ce: "Malam, sai haƙuri. Ka san sha'anin siyasa. Yara ne ke liƙawa da dare, wa za mu kama?" Na ce: "Yallaɓai, akwai doka a kan wannan ko babu?" Ya ce akwai. Ana neman izini kafin a kafa allo, akwai wuraren da aka hana, akwai wa'adin cirewa, akwai tara. Na ce to mutum nawa aka ci tara? Sai ya ce in rubuto takardar ƙorafi. Na rubuta, na kai, aka buga mata hatimi. Yau sati bakwai.

Wa za mu kama! Wannan tambayar ce ta fi ƙona mini rai. Ɓarawo yakan rufe fuska, wanda ya zubar da shara a titi yakan gudu. Wannan kuwa ya bar hotonsa, da cikakken sunansa, da alamar jam'iyyarsa, da muƙamin da yake nema, duk a jikin laifin. Cewa magoya baya ne suka liƙa ba hujja ba ce. Wa ya biya maɗaba'a? Wa ya raba wa yaran fastocin da kuɗin gam?

Kuma kada wani ya ce mini babu ma'aikata ko kayan aiki. Saura sati biyu zaɓe, motar hukuma ta zo layinmu da tsani da mutum shida. Kafin azahar sun yage fastocin 'yan adawa kakaf, sun sauke allunansu, suka ce ba a biya kuɗin izini ba. Na jam'iyyar da ke riƙe da hukumar suna liƙe a turke guda, ko taɓa su ba a yi ba. Ni ba ɗan kowane ɓangare ba ne, amma abin ya ba ni kunya. Ashe ana iyawa. Dokar tana da haƙora, wanda za ta ciza ne ake zaɓa. Maƙwabcina da ya rataya ɗan allo na sanarwar darasin yara a ƙofarsa, cikin sati aka kawo masa takardar tara.

Ba cewa nake a hana fasta ba. Ɗan takarar da ba shi da kuɗin rediyo da talabijin da ita yake sanar da jama'a cewa ya fito, kuma haƙƙinsa ne. Tsari nake nema, kuma ba abin da ba a taɓa yi ba ne. A Ireland an ba 'yan takara kwana 7 bayan ranar zaɓe su kwashe fastocinsu, kowace guda da ta rage tararta Yuro 150, kuma ƙaramar hukuma ce ke cin tarar. Ka lissafa fasta ɗari kawai, za ka gane abin da ke sa 'yan takara da mutanensu fita da tsani tun daren zaɓe. A Faransa hukumar gari ce ke kafa alluna kusa da rumfunan zaɓe, kowane ɗan takara da gurbinsa daidai da na abokin takararsa. Japan ma haka, allo guda ne mai lambobi, kowa ya liƙa a lambarsa. Mai mulki da ɗan adawa faɗin takardarsu ɗaya.

Mene ne mai wuya a nan? A karɓi kuɗin ajiya a hannun kowane ɗan takara kafin a ba shi izini, in bai kwashe kayansa cikin wa'adi ba a yi aikin da kuɗinsa. A hana kafa komai a kwanar titi da kan alamun hanya. Katangar mutum kuwa sai da yardarsa. A fitar da sunayen waɗanda aka ci tara kowa ya gani, a fara da wanda ya ci zaɓen, domin shi ne yau ke zaune a kan kujerar da ya kamata ta aiwatar da dokar, kuma hotonsa ne mafi girma a katangata.

Asabar ɗin da ta wuce ni da ɗana muka wuni da ruwan zafi da wuƙar kankara, ko rabin katangar ba mu gama ba. Kyallen mahaɗa kuwa an gargaɗe ni kada in taɓa, wai yana kusa da wayar wuta. Ranar Litinin zan koma sakatariyar da kwafin takardata mai hatimi da rasit ɗin fenti, kuma wannan karon ba zan fito ba sai an gaya mini ranar da za a sauke shi.