Shari'ar 'yan siyasa kwana 180, tamu kuma sai ranar da Allah ya yi

Duk wanda ya ce naɗin alƙalai maganar manya ce ba ruwan talaka, to wallahi bai taɓa zama a bencin kotu tun ƙarfe tara har azahar ba, sannan rajistara ya leƙo ya ce mai shari'a ba zai zauna yau ba, a dawo bayan wata biyu. A majalisarmu ta wajen mai shayi kullum hirar ɗaya ce, tsadar shinkafa, kuɗin wuta, wane ya bar jam'iyya wane ya koma, wa zai tsaya a 2027. Amma da ka kawo maganar alƙalai sai wani ya ce "kai mutumina rabu da wannan, mu da ke neman na cefane ina ruwanmu da wa aka naɗa." Ruwanmu ne ƙwarai, kuma ga dalilina.

Gwaggona mijinta ya rasu ya bar mata fili ita da marayu, takardu na hannunta, rana ɗaya aka wayi gari wani mai kuɗi ya zagaye wurin da katanga. Ta kai ƙara babbar kotu. Ana cikin yi ma'aikatan kotuna suka tafi yajin aiki a Afrilun 2021, ƙofa a garƙame har Yuni. Aka dawo, yau lauyan wancan ɓangaren ba shi da lafiya, gobe fayil bai fito ba, jibi an shiga hutun shekara na alƙalai. 2023 ta zo aka ɗauke alƙalin aka tura shi kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, shari'arta ta kwanta. Da ya dawo har an gama jin shaidu mun fara sa rai, sai ga labari wai an yi masa ƙarin girma. Allah ya sanya alheri, ba mu yi masa baƙin ciki ba, amma kun san abin da sabon alƙalin ya ce? A faro daga farko. Daga farko fa! Alhali dattijon da aka yi cinikin filin a gabansa, wanda shi ne babban shaidarta, Allah ya yi masa rasuwa. A ina za ta samo wani?

Kuma ba laifin sabon alƙalin ba ne, haka tsarin yake. Ku tuna a Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin ɗaurin da aka yi wa tsohon gwamnan Abia Orji Uzor Kalu saboda alƙalin da ya yanke hukuncin an riga an ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Shi babban mutum wannan ƙa'idar ta fito da shi daga gidan yari, ita gwaggona ita ce ta mayar da ita baya. Kowane zama sai ta biya lauya kuɗin fitowa, ta biya adaidaita zuwa da dawowa, ga kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, matar da da ƙosai take ciyar da yara.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne su 'yan siyasa sun san zafin jira, shi ya sa a 2010 suka gyara tsarin mulki suka sa wa shari'ar zaɓe wa'adi, kwana 180 a kotun farko, kwana 60 a ɗaukaka ƙara. Ku duba ta gwamnan Kano, an yi zaɓe a Maris 2023, kotun zaɓe ta yi hukunci a Satumba, Kotun Ɗaukaka Ƙara a Nuwamba, ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta rufe magana. Kotu uku cikin wata goma. Ashe ana iyawa. To me ya sa shari'ar fili da gado da bashi ba ta da wa'adi? Me ya sa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a ma ce sun yi laifi ba?

Sai mu zo kan yadda ake naɗin. Majalisar kula da harkokin shari'a ta ƙasa, NJC, ita ke miƙa sunaye, shugaban ƙasa ko gwamna ya naɗa. Wa ke shugabantar NJC? Alƙalin Alƙalan Najeriya, kuma shi ke zaɓo mafi yawan mambobinta. A 2023 aka naɗa ɗan Alƙalin Alƙalai na lokacin, Olukayode Ariwoola, alƙalin Babbar Kotun Tarayya, mahaifinsa na kan kujerar. Ni ban ce bai iya aiki ba, amma ɗan talakan da ya yi shekara da shekaru yana lauya ba shi da kowa a sama ta yaya zai yarda an yi adalci? Kuma ba mu 'yan majalisar shayi kaɗai ke faɗa ba, Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad da bakinsa ranar bankwanarsa da Kotun Ƙoli a Oktoban 2023 ya koka kan iko ya taru a hannun mutum ɗaya da kuma zargin fifita 'ya'ya da matan alƙalai wajen naɗi. Ɗan cikin gida ke nan, ba ɗan adawa ba.

Mun kuma ga abin kunya a Kano a Mayun 2024 kan rikicin masarauta, kotun tarayya ta ba da umarni, kotun jiha ta ba da kishiyarsa, gari ɗaya, 'yan sanda ma sun rasa wanne za su bi. An ƙara wa alƙalai shekarun ritaya zuwa 70 a 2023, an ƙara musu albashi da kashi 300 a 2024, an cike Kotun Ƙoli ta kai alƙalai 21, duk ba mu ƙi ba, haƙƙinsu ne a kula da su. Amma mu da ke zaune a benci me ya canja mana?

A riƙa fitar da sunayen masu neman kujerar alƙali da makin da kowa ya ci kowa ya gani. Alƙalin da ya gama jin shaidu a samo hanyar da zai yanke hukunci kafin ya tashi. Sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai kuma, tunda sun iya zama sun sa wa tasu shari'ar wa'adi, su zauna su sa wa ta fili da gado, don marayun gwaggona har sun fara girma katangar mutumin nan na nan tsaye a kan filin ubansu.