'Yar aikin da doka ba ta gani

Kowace ranar 12 ga Yuni sai an taru a zauren otal, a yi jawabai kan yaƙi da bautar da yara, a watse. Shekarar 2025 ce wa'adin da ƙasashen duniya suka ɗibar wa kansu don kawo ƙarshen abin, ta zo ta wuce. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar da jami'anmu ba sa gajiya da ita: a kama iyayen da ba su kai 'ya'yansu makaranta ba, a kori masu talla daga titi.

Doka kam muna da ita. Jigawa ta sanya hannu kan dokar kare yara a 2021, Kano a 2023, shekara ashirin bayan ta tarayya. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 kuma ya ce yara sama da miliyan 24 ne ke aikin da ya fi ƙarfinsu. To wa ake nema da wannan doka? Yarinyar da ke tallan gyaɗa a tasha, da yaron da ke korar jan-baki a gonar shinkafa a Kadawa. Su ne ido ke gani, kuma iyayensu ba su da kowa.

Akwai wata yarinyar da ba a maganarta. Shekararta goma ko sha ɗaya, dillaliya ta zo ƙauyensu a yankin Gumel ko Rano ta tafi da ita birni. Kafin asuba ta tashi: shara, wanke-wanke, raino. Ita ke raka yaran gidan bakin mota da kwandon abincinsu, su tafi makaranta, ta koma ciki. Ƙarshen wata dillaliya ta cire nata, sauran a aika wa uwar ta zuba adashen kayan ɗaki. Idan an doke ta, ko an yi mata abin da ya fi duka muni, wa za ta gaya wa? 'Yan Hisba ba sa shiga waɗannan gidajen, domin gidajen manyan ma'aikata ne da 'yan kasuwa da 'yan siyasa, mutanen da ake rubuta dokar da hannunsu.

Masu cewa ai taimako ne, a ƙauye ma yunwa za ta sha, su fara da tura nasu 'ya'yan.

Hukunci ya hau kan mai ɗauka da dillaliya, ba kan uwar da talauci ya ci ƙarfinta ba. A dawo da ciyar da ɗalibai da gaske, tunda kwano ɗaya na abinci yana riƙe yaro a aji. Sannan a tambayi masu unguwanni da dagatai. Babu wanda a cikinsu bai san gidan da yarinya ta bar ƙauye ba, da sunan matar da ta zo ta tafi da ita.