Wanda tsoro ya kora daga gida, rufin kwano kaɗai ba ya mayar da shi

Duk wanda ya bi ta tashar mota ko rumfunan kasuwa a Maiduguri, Gusau ko Katsina bayan sallar isha, zai ga mutane kwance a kan kwali da buhu, wasu da yara a gefensu. Mun saba kiransu mabarata, wanda muka ji yana magana shi kaɗai kuma mu ce mahaukaci ne, mu wuce. Da yawa daga cikinsu magidanta ne, masu gona da rumbu da awaki, har zuwa daren da aka shigo ƙauyensu da bindiga.

Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, fiye da mutum miliyan 2 suka bar muhallinsu a arewa maso gabas. Gwoza da Bama sun faɗa hannun mayaƙan a 2014, Baga ta ga kisan gilla a Janairun 2015. A arewa maso yamma kuma 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Zamfara, Katsina da Sakkwato, dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maradi ta Nijar, saura suka rakuɓe a makarantu da kangaye, domin a can ba a ma cika samun sansanin gwamnati ba.

Abin da nake so mu duba shi ne abin da ke faruwa da mutum bayan ya tsira da rai. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Matar da aka yanka mijinta a gabanta ba ta barci. Ƙarar babur tana sa ta zabura, domin a kan babura suka zo. Yaron da ya kwana uku a daji yana gudu zai iya komawa fitsarin kwance yana ɗan shekara 12, ko ya daina magana, ko ya riƙa kai duka ba dalili. Magidanci kuwa sai ya zauna zuru, ba ya iya neman na cefane, wani lokaci ya huce a kan iyalinsa, wani lokaci ya nemi sauƙi a ƙwayar tiramol. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan ciwo na firgicin da ke biyo bayan masifa, kuma yana da magani.

To daga nan ne rashin muhalli na biyu yake farawa. Ɗan uwan da ya ba su ɗaki a birni zai yi haƙuri wata shida, shekara guda, amma ihun dare da faɗa da ƙarin bakin ci suna gajiyar da ko mai zuciyar zinare. Aure ya mutu, mai haya ya ce a tashi, sai titi. Shi kuma titi ba ya barin kowa yadda ya same shi. Yarinyar da ke kwana a kango ba ta da ƙofar da za ta kulle, kuma duk mun san abin da hakan ke nufi. Samari suna faɗawa hannun 'yan daba ko kamen jami'an tsaro. Rauni ya hau kan rauni.

Shi ya sa har yau raina bai kwanta da yadda aka rufe sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri ba. Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa ƙarshen Disambar 2021 a matsayin wa'adi, aka rufe sansanin Bakassi, daga baya na Dalori ya biyo. Hujjarsa tana da nauyi, ban musa ba: zaman sansani yana kashe zuciya, yana haifar da shaye-shaye da lalata, kuma babu mai mutuncin da ke so ya shekara goma yana bin layin abinci. An gina gidaje, an ba da kuɗin sallama. Amma wa ya tambayi mutumin Bama ko zai iya kwana a unguwar da ya binne 'ya'yansa? Wasu sun karɓi kuɗin, suka ƙi tafiya, suka kafa bukkoki a gefen gari inda ba asibiti, ba agaji. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce rufe sansanonin ya jefa sama da mutum 200,000 cikin ƙarin wahala. Da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, masu irin waɗannan bukkoki suna cikin waɗanda suka sake rasa komai.

Na san za a ce kuɗi ba ya isa, abinci ya fi gaggawa. Gaskiya ne yunwa ba ta jira. Sai dai buhun masara da ɗaki ba sa zama a hannun wanda hankalinsa bai dawo jikinsa ba; zai sayar, zai bari, zai sake bin hanya. Kuɗin da aka kashe a gininsa ya tafi a banza.

Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga al'umma sama da miliyan 200. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri ba zai ɗauki Borno da Yobe da Adamawa a kansa ba. A Janairun 2023 aka sanar da sa hannun shugaba Buhari kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, amma mutumin Anka ko Monguno bai gan ta a ɗakin shan magani na garinsu ba. Abin da zai yiwu gobe shi ne a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da ungozoma su gane alamun firgici, a jawo limamai da malaman ruƙiyya, tunda wurinsu ake fara kai mai irin wannan lalura, su san lokacin da za su ce a wuce asibiti. Kuma kafin a ɗora kowa a mota a ce ya koma gida, a zauna da shi a ji ko ya shirya, wanda ya ce a'a a ba shi fili a inda yake.