Kwalli ɗaya ne, ko a biki ko a makoki

Shekaran jiya wani abokina ya turo mini hoton mawaƙan The 69 Eyes na ƙasar Finland, ya rubuta a ƙasa: "Malam, waɗannan biki za su ko zaman makoki?" Baƙaƙen riguna na fata, baƙin tabarau, gashi an rina shi baƙi ƙirin, ido ya sha kwalli. Na yi dariya, amma tambayar tasa ta taɓo abin da ya sa na daɗe ina sauraron kiɗan rok na Finland, na kuma ƙi yarda da bayanin da aka saba yi masa.

Salo biyu ne suka haɗu a wajensu. Akwai wanda ake kira gilam, na ado da ƙyalli da taƙama: jan baki, gashi a tsaye, tufa mai walƙiya, waƙa a kan dare da 'yan mata da sharholiya. Akwai kuma gotik, wanda ya taso a Ingila wajen ƙarshen shekarun 1970, na baƙin kaya da murya mai zurfi da zancen kabari da soyayyar da ba ta ƙare lafiya. A wasu ƙasashe ma'abota salon nan biyu ba sa shan inuwa ɗaya. A Helsinki, babban birnin Finland, kuwa tukunya ɗaya aka zuba su.

Abin da ake yawan cewa shi ne wai duhun hunturu ne ya jawo haka, tunda a tsakiyar watan Disamba Helsinki ba ta samun hasken rana fiye da awa shida. Ni ban gamsu ba. Sweden ma tana da wannan duhun, ita ta haifi ABBA, ƙungiyar waƙoƙin rawa da nishaɗi. Duhu bai isa hujja ba.

A nawa ganin, tushen abin mutane ne, kuma sunan farko shi ne Hanoi Rocks. An kafa ƙungiyar a 1979, Michael Monroe a gaba da farin gashinsa da kwalliyarsa, Andy McCoy riƙe da gita da hularsa. Su ne suka fara nuna wa samarin Finland cewa ɗan ƙasarsu zai iya tsayawa a dandalin Landan ko Tokyo ba tare da jin kunya ba. Suna dab da fasa kasuwar Amurka sai mai buga musu ganga, Razzle, ya rasu a hatsarin mota a California a Disambar 1984, Vince Neil, mawaƙin ƙungiyar Mötley Crüe ta Amurka, ne ke tuƙi. Shekarar Razzle 24. A 1985 ƙungiyar ta watse. Daga baya 'yan ƙungiyar Guns N' Roses ta Amurka, waɗanda ba su taɓa ɓoye cewa a wajensu suka koyi abubuwa da yawa ba, suka sake fitar da tsofaffin faya-fayansu a Amurka. To ka ga gilam ɗin Finland tun daga tushe yana ɗauke da gawa a cikinsa. Duk yaron da ya taso yana son zama Monroe ya san yadda labarin ya ƙare.

The 69 Eyes su ne misalin da ya fi fitowa fili. Sun fara a 1989 a matsayin 'ya'yan Hanoi Rocks zalla, hayaniya da ihu da gashi. Shekara goma suna haka, sai a 1999 da faifan Wasting the Dawn mawaƙinsu Jyrki 69 ya sauke muryarsa ƙasa, kiɗan ya yi sanyi, aka shigo da piyano. Blessed Be a 2000 da Paris Kills a 2002 suka kammala sauyin, har aka laƙaba musu sunan masu shan jini na Helsinki. Amma ka saurara da kyau: gitar ba ta daina rangaji ba, amshin waƙar har yanzu na rerawa ne da ƙarfi a cikin taro. Kwallin da suka sa a 1990 don burge 'yan mata shi suka ci gaba da sawa, sai dai ma'anarsa ta sauya. Paris Kills shi ne wanda na fi komawa gare shi, ko da za a ce na cika son tsohon abu.

Ƙungiyar HIM ta mawaƙi Ville Valo ta fi su suna nesa ba kusa ba. Waƙarsu Join Me in Death ta kai ta ɗaya a Jamus, kuma Dark Light na 2005 shi ne faifan Finland na farko da ya sayar da kwafi 500,000 a Amurka. Gaskiya wani lokacin sukarin yana yi mini yawa, kamar shayin da aka ba yaro ya haɗa. Amma a wajen Valo ne ake ganin ɗaya tushen da masu zancen hunturu suke mantawa: tsofaffin waƙoƙin soyayya na Finland, musamman tango ɗinsu mai ɗauke da kewa da begen abin da ya wuce, wanda har yau ake masa biki duk shekara a garin Seinäjoki tun 1985. Waɗannan ne waƙoƙin da iyaye suke kunnawa a gida. Baƙin cikin da ke cikin rok ɗinsu daga rediyon ɗaki ya fito kafin ya sa baƙar riga.

Kada wani ya kawo mini ƙungiyar Lordi ta Finland, don Allah. Sun ci gasar waƙa ta Turai, Eurovision, a 2006, madalla, amma dodanni ne na wasan kwaikwayo, gidansu daban.

HIM sun yi wasansu na ƙarshe daren 31 ga Disamba 2017 a Tavastia, gidan kiɗan nan na Helsinki da kusan dukansu suka bi ta cikinsa. Abin da Valo ya fara fitarwa bayan nan, a 2019, faifai ne da harshen Finland tare da tsohuwar ƙungiyar Agents, yana rera waƙoƙin marigayi Rauli Somerjoki, mawaƙin zamanin iyayensa. Shi na tura wa abokina a matsayin amsa. Har yanzu bai ce komai ba.